Lokaci ko Kuzari? Sake Duban Yadda Raunanan Filayen Maganaɗisu ke Shafar Makarɓan Saƙo a Ƙwayar Halitta

Tsakure

Kusan shekara hamsin ke nan ana ta fitar da rahotanni cewa filin maganaɗisu mara ƙarfi, wato wanda bai kai militesla 1 ba, yana sauya yadda ƙwayar halitta ke karɓar saƙo da isar da shi. Galibin rahotannin sun ɗora abin a kan mashigan kalsiyam da ke jikin tantanin ƙwayar. Wannan maƙala ta gwada bayanai huɗu da aka fi kafa hujja da su, ta auna kowanne da girgizar zafin jiki da kuma tsawon lokacin da yake buƙata. Bayanai biyu sun gaza da tazara mai yawa, ɗaya ya tsaya ga halittu masu magnetait kawai, ɗaya kuma, na tagwayen radikal, ya tsira saboda ba ya neman kuzari daga filin. Maƙalar ta kafa hujja cewa makarɓin saƙo ba shi ne farkon wanda filin ke taɓawa ba, aikinsa shi ne kambama ƙaramin sauyin sinadari da ya riga ya faru.

Gabatarwa

Makarɓin saƙo furotin ne da ke zaune a tantanin ƙwayar halitta ko a cikinta. Idan wani sinadari, ko haske, ko matsi ya same shi, sai siffarsa ta sauya, wannan sauyin kuma ya tayar da jerin ayyuka a cikin ƙwayar: mashiga ta buɗe ayon ya kwarara, ko furotin G ya rabu gida biyu, ko a liƙa wa wani furotin fosfet. Duk wanda ya ce maganaɗisu na shafar wannan aiki, tilas ya faɗi inda filin ya fara sa hannu.

Matsalar a bayyane take tun daga alƙaluma. Ƙarfin filin Duniya yana tsakanin maikurotesla 25 zuwa 65. A maikurotesla 50, tazarar kuzarin da filin ke haifarwa tsakanin yanayi biyu na juyin ilektiron ɗaya ita ce jul 9.3 × 10⁻²⁸. Girgizar zafi a jikin ɗan Adam, wadda masana ke rubutawa da kT, ta kai jul 4.3 × 10⁻²¹ a digiri 37. Ashe abin da filin ya kawo bai wuce kashi ɗaya cikin kusan miliyan biyar na hayaniyar da kowane furotin ke ciki dare da rana ba. Duk da haka tsuntsaye na gane alƙibla da wannan fili. Wolfgang da Roswitha Wiltschko sun nuna haka a Jamus a 1972, kuma har yau sakamakon nasu yana nan daram. Tambayar maƙalar nan ita ce wace hanya ce ta haɗa waɗannan gaskiya biyu.

Bitar ayyukan da suka gabata

Makarantar kalsiyam ita ta fi daɗewa, ita ta fi mabiya, kuma da ita ce wannan maƙala ke jayayya. A 1976 Bawin da Adey suka ba da rahoton cewa filin lantarki mai kaiwa da komowa a hankali yana sauya yawan kalsiyam da ke fita daga naman ƙwaƙwalwar ɗan tsako. Carl Blackman da abokan aikinsa suka biyo baya da cewa tasirin ya danganta da ƙarfin filin Duniya a ɗakin gwajin. Daga nan Abraham Liboff, a 1985, ya kawo bayanin da ya ja hankalin mutane: ayon mai caji yana kewaya layin maganaɗisu da wani mita na musamman, idan kuma aka turo masa fili mai kaɗawa da wannan mita, sai ya amsa. Mitan kalsiyam a maikurotesla 50 ya kama haz 38, kusa da haz 50 da 60 na wutar lantarkin gida. Wannan kusanci ne ya sa ra'ayin ya samu karɓuwa fiye da yadda hujjarsa ta cancanta. Gwajin da aka fi ambato wajen goya masa baya, na motsin wasu ƙananan tsirran ruwa masu ƙwaya ɗaya a 1987, wasu ɗakunan bincike sun maimaita shi ba su ga komai ba. Valeri Lednev ya yi wa ra'ayin kwaskwarima a 1991, ya ɗauke ayon ɗin daga cikin ruwa ya sa shi a ramin furotin kalmodulin, amma gyaran bai kawar da matsalar karo da maƙwabta ba. A shekarar ce kuma Robert Adair na Jami'ar Yale ya wallafa lissafin da ya nuna cewa hayaniyar zafi ta shanye duk irin wannan sigina.

Da an ɗauka magana ta mutu, sai Martin Pall ya farfaɗo da ita a 2013 ta wata ƙofar. Ya tattaro bincike 23 inda maganin da ke toshe mashigan kalsiyam ya rage ko ya kashe tasirin filin, ya yanke hukuncin cewa mashigan ne filin ke bugawa kai tsaye. Hujjar ba ta kai inda ya kai ta ba. Kalsiyam yana tsakiyar kusan kowace hanyar isar da saƙo a ƙwayar halitta. Idan aka toshe shi aka ga tasiri ya ɓace, abin da aka tabbatar shi ne cewa kalsiyam yana cikin jerin. Ko shi ne na farko ko na biyar, gwajin bai faɗa ba. Ɗan ɗumin da naɗin wayar da ke samar da filin ya haifar, ko jijjigar tebur, su ma za su bi ta kalsiyam, kuma maganin zai toshe su.

Makaranta ta biyu ta magnetait ce. Richard Blakemore ya gano ƙwayoyin bakteriya masu bin maganaɗisu a 1975, Joseph Kirschvink kuma ya ba da rahoton ɓurɓushin magnetait a ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1992. Sai dai ƙwayoyin baƙin ƙarfe da aka daɗe ana cewa su ne jijiyoyin jin maganaɗisu a bakin tattabara, Treiber da abokansa sun nuna a 2012 cewa ƙwayoyin garkuwar jiki ne.

Ta uku sabuwa ce: a haɗa feritin, furotin da ke adana baƙin ƙarfe, da mashigar ayon irin TRPV1 ko TRPV4, a buɗe ta da maganaɗisu. Markus Meister ya bi waɗannan iƙirari da lissafi a mujallar eLife a 2016, ya samu cewa ƙarfin da feritin zai iya samarwa ya gaza abin da ake buƙata da ninki dubu ɗari zuwa biliyan goma. Daga baya ƙungiyoyi uku masu zaman kansu suka gwada furotin ɗin da aka raɗa wa suna Magneto a ƙwayoyin jijiya, ba su ga ya kunna su ba.

Ta huɗu, ta tagwayen radikal, Klaus Schulten ne ya fara kawo ta a 1978. A 2000 shi da Ritz da Adem suka nuna furotin kiriftokurom a matsayin inda abin zai iya faruwa.

Hanyar bincike

Ba a yi sabon gwaji a nan ba. An ɗauki sanannun ƙa'idojin kimiyyar lissafin halitta aka yi wa kowane bayani tambaya biyu: nawa ne kuzarinsa idan aka kwatanta da kT a digiri 37, kuma tsawon wane lokaci tsarin yake buƙata ba tare da an dame shi ba. An yi lissafin da fili na maikurotesla 50, da ƙwaya mai faɗin maikuromita 20. Daga nan aka gwada abin da ya fito da sakamakon gwaje-gwajen da aka wallafa, aka fi ba da nauyi ga waɗanda mai aunawa bai san ko filin na kunne ko na kashe ba.

Sakamako da tattaunawa

Kewayen ayon ya faɗi tun a awon farko. Ayon ɗin kalsiyam a zafin jiki yana gudun kusan mita 400 a daƙiƙa. Kafin ya yi kewaye ɗaya a haz 38, da'irarsa za ta kai faɗin da ya haura mita uku, alhali ƙwayar duka maikuromita 20 ce. Kuma a cikin ruwa yana karo da maƙwabtansa sau tiriliyan ko fiye a kowace daƙiƙa, yayin da kewaye ɗaya ke cin kusan kashi ɗaya cikin arba'in na daƙiƙa.

Ra'ayin cewa filin na girgiza mashigar kalsiyam ta hanyar wutar da yake haifarwa a jiki shi ma bai tsira ba. Fili na maikurotesla 100 mai kaɗawa a haz 50, wanda ya zarce abin da ake samu a yawancin gidaje nesa ba kusa ba, yana haifar da kusan milibolt 1.6 a kowace mita a da'irar nama mai nisan santimita 10 daga tsakiya. A tantanin ƙwayarmu wannan ya zama nanobolt 24. Tantanin yana riƙe da milibolt 70 a zamansa, kuma mashigar na buƙatar sauyin milibolt da dama kafin ta motsa.

Magnetait ya ci awon kuzari. Sarƙar da ke cikin bakteriya tana ba da fiye da kT 10 a filin Duniya, shi ya sa ko matacciyar ƙwayar ma takan juya ta fuskanci arewa. Amma wannan bayani yana aiki ne kawai inda aka nuna sarƙar a ɗaure da makarɓi, kuma ba a nuna haka ba a ƙwayoyin da ake renonsu a faranti.

Saura tagwayen radikal, kuma a nan ne abin da maƙalar ke son tsayawa a kai yake. Shuɗin haske mai tsawon zango nanomita 450 yana ɗauke da kuzarin da ya kai kusan kT 100. Idan ya faɗa kan sinadarin filabin da ke cikin kiriftokurom, filabin ɗin sai ya fizgo ilektiron daga tiriftofan na kusa da shi, wannan ya karɓa daga na gaba, haka har ƙarshen jerin. Cikin ƙiftawa an samu radikal biyu, kowanne da ilektiron mara abokin zama, tsakaninsu kusan nanomita 2. An haife su a yanayin singilet, inda juyin ɗaya ya saɓa wa na ɗayan. Ƙananan filayen maganaɗisu na cibiyoyin atam ɗin haidirojin da naitirojin da ke kewaye da su suna kai su yanayin tirifilet su dawo da su, sau miliyoyi a daƙiƙa. Daga singilet kaɗai ilektiron zai iya komawa gida, furotin ya koma yadda yake. Idan bai koma ba, furotin ya zarce zuwa siffar da ke ɗaukar saƙo. Filin Duniya yana ɗan karkata wannan kai-kawo, da haka yawan furotin da suka bi kowace hanya ya ɗan sauya.

Mai ban-ruwa a fadama ya san wannan tsari. Injin ne ya ɗago ruwa daga rafi, shi kuwa da dunƙulen laka ɗaya yake tura shi wannan fangali ko wancan. Haske ya biya kuɗin kuzari, filin kuma zaɓen hanya kawai ya yi, shi ya sa kwatanta shi da kT bai shafe shi ba. Juyin ilektiron ba ya daidaita da zafin kewayensa nan take, yana ɗaukar lokaci kafin girgiza ta ruɗa shi.

Wannan lokaci shi ne ainihin awon. A maikurotesla 50, juyin ilektiron yana yin zagaye ɗaya a filin cikin maikurodaƙiƙa 0.7, wato megahaz 1.4. Tagwayen da suka rayu nanodaƙiƙa ɗaya ba su yi ko kashi biyu cikin dubu na zagaye ba, filin bai samu damar yin komai ba. Waɗanda suka kai maikurodaƙiƙa ɗaya juyinsu bai ruɗe ba sun wuce zagaye guda, kuma a nan tasiri zai iya bayyana. Saboda haka duk wanda ya ce fili mai rauni irin na Duniya ya shafi wani makarɓi, abin da za a tambaye shi shi ne: ina tagwayen, kuma sun kai maikurodaƙiƙa ɗaya? A arewacin Nijeriya sharaɗin ya ma fi tsanani. Filin a nan bai wuce maikurotesla 33 zuwa 35 ba, kuma kusan a kwance yake domin layin tsakiyar maganaɗisun Duniya ya ratsa yankin, don haka zagaye ɗaya na cin sama da maikurodaƙiƙa guda. Tsuntsayen Turai da ke zuwa cin rani a Afirka ta Yamma a wannan filin suke shawagi, kuma tunda kamfas ɗinsu karkatar layin yake karantawa, a nan ne ya fi samun ƙarancin abin karantawa.

Shaidar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga wata matsala da ta addabi masu bincike a Jami'ar Oldenburg ta Jamus. Sukan sa tsuntsun robin a cikin mazurari da aka shimfiɗa wa takarda mai nuna karce, tsuntsun ya yi ta tsalle zuwa inda yake son tafiya, daga baya a ƙirga karcen farcensa. A bukkokin katako na harabar jami'ar tsuntsayen sun kasa gane alƙibla. Da aka lulluɓe bangon da faranti na alminiyam aka haɗa shi da ƙasa, sai suka gane. Da aka cire wayar da ta haɗa shi da ƙasa, suka sake ruɗewa, kuma masu ƙirga karcen ba su san wane hali ake ciki ba. Engels da abokan aikinta suka wallafa wannan a Nature a 2014: hayaniyar rediyo tsakanin kilohaz 50 da megahaz 5, mai rauni ƙwarai, ita ke kashe kamfas ɗin. Allurar magnetait ba za ta iya bin kaɗawa mai saurin haka ba. Juyin ilektiron kuwa a wannan zangon yake aiki. Lissafin ƙungiyar Peter Hore a Oksfod ya yi hasashen cewa idan ɗaya daga cikin tagwayen filabin ne, rikitarwar za ta tsaya a wajen megahaz 116. An gwada wani tsuntsu mai ƙaura da dare: a megahaz 75 zuwa 85 ya ruɗe, a 140 zuwa 150 da 235 zuwa 245 bai ruɗe ba. Makarantar kalsiyam ba ta taɓa yin hasashe mai kaifi irin wannan ya tabbata ba.

A 2021 Xu da abokan aikinta suka tace kiriftokurom na 4 na robin, suka nuna a kwalba cewa yana amsa maganaɗisu, kuma ya fi na kaza da na tattabara amsawa. Jerin tiriftofan ɗinsa huɗu ne, suka kuma ba da shawarar cewa na uku ne ke jin filin, na huɗu ke riƙe saƙon ya daɗe. Furotin ɗin yana cikin ƙwayoyin ganin launi na tantanin bayan ido, kuma an nuna yana kama wani ɓangare na furotin G na waɗannan ƙwayoyin. A nan makarɓan saƙo suka shigo labarin, a gurbin da ya dace da su. Hanyar furotin G a ido, wadda ke rage sinadarin cGMP ta rufe mashigan ayon, tana da ƙarfin kambamawa har ƙwayar ganin dare kan amsa ɗigon haske guda, kamar yadda Baylor da Lamb da Yau suka auna a 1979. Sauyin kashi ɗaya cikin ɗari a yawan furotin da suka kunnu ba ƙaramin abu ba ne ga tsari irin wannan.

Da wannan fahimta ya kamata a sake karanta rahotannin kalsiyam. Inda tasirin na gaske ne, mafi kusa shi ne kalsiyam ya zo a baya. Haidirojin feroksaid, wanda ke fitowa daga radikal ɗin sufa'oksaid, ɗan saƙo ne sananne: yana kashe aikin furotin PTP1B na ɗan lokaci, da haka makarɓin insulin ya daɗe a kunne, yana kuma buɗe mashigar TRPA1. Van Huizen da abokan aikinta sun ba da rahoto a 2019 cewa maikurotesla 200 ya rage tofowar sabon nama a wata tsutsar ruwa mai sake gina jikinta, 500 kuma ya ƙara shi, tare da sauyin waɗannan sinadarai na iskar oksijin. Tasirin da ke sauya fuska yayin da fili ke ƙaruwa abu ne da tagwayen radikal ke iya haifarwa. Inda kuwa tasirin ba na gaske ba ne, akwatin renon ƙwayoyin ya isa ya bayyana shi. Wanda ya taɓa zagaya na'urar awo a cikin irin wannan akwati ya san yadda lambar ke tsalle daga kanta zuwa kanta, ga ƙarfen jiki, ga injin fanka, ga wayar ɗumama ƙofa. Portelli da abokansa sun auna wannan a 2013 suka samu bambanci mai yawa har a cikin akwati ɗaya. Farantin da ake kira na kwatanci sau da yawa yana zaune ne a filin da ba wanda ya auna.

Iyakokin bincike

Dole a faɗi abin da lissafin bai rufe ba. Awon Xu an yi shi ne da filaye na militesla, a kwalba, ba a nuna furotin ɗin yana jin alƙiblar fili na maikurotesla 50 a cikin ido mai rai ba. Ilektiron biyun da ke nesa da nanomita 2 suna jan juna da ƙarfin da ya kai maikurotesla 350, ninki bakwai na filin Duniya, kuma wannan yana danne tasirin. Hanyar sufa'oksaid da aka yaba a sama ita kanta ta faɗi awon lokaci, domin juyin wannan radikal yana ruɗewa cikin nanodaƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka idan yana yawo a sake. Daniel Kattnig ya kawo mafita ta radikal na uku, amma har yanzu a takarda take. A 2023 Bassetto da abokansa suka gwada ƙudajen 'ya'yan itace fiye da 100,000 ba su ga tasirin maganaɗisu da aka ba da rahoto a kansu a 2008 da 2014 ba, abin da ya rage shaidar da ke wajen tsuntsaye ƙwarai. Maƙalar kuma ba ta bayyana alaƙar da aka gani tsakanin sankarar jini ta yara da filayen wutar gida da suka haura maikurotesla 0.3 zuwa 0.4 ba, alaƙar da ta sa hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a rukunin 2B a 2002. Hore ya lissafa a 2019 cewa maikurotesla 1 a haz 50 ko 60 ba zai sauya sakamakon tagwayen radikal da fiye da kashi goma cikin miliyan ba, daidai da abin da mutum zai gamu da shi idan ya yi tafiyar 'yan kilomitoci zuwa arewa ko kudu.